Alan Arnold Griffith

Alan Arnold Griffith (13 ga Yuni, 1893 – 13 ga Oktoba, 1963) injiniya ne ɗan ƙasar Birtaniya, wanda aka fi saninsa da ayyuka biyu. Na farko, shi ne ya fara bayyana da lissafi dalilin da ya sa abubuwa masu gautsi, irin su gilashi da tangaran da dutse da kankare, suke fashewa da nauyin da bai kai wanda ya kamata su ɗauka ba. Ya nuna cewa ƙarfin irin waɗannan abubuwa yana rataye ne a kan tsaga mafi muni da ke jikinsu, ko da ido ba ya ganin ta. Saboda haka ake ɗaukar sa a matsayin wanda ya kafa ilimin tsagewar abubuwa. Na biyu, yana cikin waɗanda suka share fagen ƙera injin jet na jiragen sama, kuma ya yi shekara ashirin da ɗaya yana aiki da kamfanin Rolls-Royce.

## Farkon rayuwa da karatu

An haifi Griffith a birnin Landan a shekarar 1893. Mahaifinsa, George Griffith, ɗan jarida ne, matafiyi, kuma marubucin ƙagaggun labaran kimiyya da ya yi suna a zamaninsa. Iyalin sun koma tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ireland, kuma a can ne Alan ya yi makarantar sakandare, a garin Douglas. Mahaifin ya mutu a 1906, lokacin yaron yana da shekara goma sha biyu zuwa sha uku.

A 1911 ya sami tallafin karatu zuwa Jami'ar Liverpool, inda ya karanci injiniyancin injuna. Ya kammala digirin farko da daraja ta ɗaya a 1914, ya sami digiri na biyu a 1917, sannan digirin dakta a 1921.

## Aiki a Farnborough

A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Griffith ya fara aiki a masana'antar jiragen sama ta gwamnati da ke Farnborough, wadda daga 1918 aka mayar da ita cibiyar bincike mai suna Royal Aircraft Establishment. Aikinsa na farko da ya fito da shi fili ya yi shi ne tare da masanin lissafi G. I. Taylor a 1917. Sun nuna cewa idan aka shimfiɗa fatar kumfar sabulu a kan rami mai siffar gindin sandar ƙarfe, aka ɗan hura ta, yadda kumfar ta kumbura yana nuna yadda wahala take rarrabuwa cikin sandar idan an murɗa ta. Wannan dabara ta taimaka wajen auna sassan injin da lissafin wancan zamani ya gagara, kuma ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Birtaniya ta ba su lambar zinare ta Thomas Hawksley.

A wannan lokaci sassan injin jirgin sama suna yawan karyewa bayan an daɗe ana aiki da su, kuma an lura karayar takan faro ne daga wani ɗan karce a jikin ƙarfen. An ɗora wa Griffith binciken tasirin irin wannan karce. Daga nan ne ya shiga tambayar da ta yi masa suna.

## Matsalar da ya tarar

Masana sun riga sun ƙiyasta ƙarfin da ke haɗa ƙwayoyin zarra a cikin abu mai tauri. Bisa wannan ƙiyasi, gilashi ya kamata ya jure ja mai yawan gaske, amma a zahiri yakan fashe da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi. Babu wanda ya iya bayyana inda sauran ƙarfin ya tafi.

A 1913 Charles Inglis na Jami'ar Cambridge ya lissafa yadda rami yake tara wahala a gefensa. Idan aka ja farantin ƙarfe mai zagayayyen rami, wahalar da ke bakin ramin ta ninka ta sauran jikin farantin sau uku. Idan ramin dogo ne mai tsini, ninkin yana ƙaruwa gwargwadon tsinin. Amma lissafin ya zo da tangarɗa guda biyu. Ya nuna siffar rami ce kawai ke da tasiri, ban da girmansa, alhali kowa ya san babbar tsaga ta fi ƙarama hatsari. Sannan idan bakin tsagar ya kai matuƙar tsini, lissafin yana nuna wahala marar iyaka, wato duk abin da ke da tsaga zai ruguje da an taɓa shi, kuma ba haka abin yake ba.

## Ka'idar Griffith

Griffith ya bar duba bakin tsagar kaɗai, ya koma lissafin makamashi, kamar ɗan kasuwa mai auna riba da kuɗin da ya kashe. Abin da aka ja yana ajiye makamashi a jikinsa, kamar robar gwafa da aka ɗame. Idan tsaga ta ƙara tsawo, sassan da ke gefenta suna sakin jiki, su saki wani ɓangare na wannan makamashi. Wannan ita ce ribar tsagar. A ɗaya gefen kuma, buɗe tsaga yana nufin raba ƙwayoyin zarra don samar da sababbin fuskoki biyu, kuma wannan yana cin makamashi. Shi ne kuɗin da tsagar za ta biya.

Kuɗin yana ƙaruwa daidai da tsawon tsagar: in tsawo ya ninka biyu, kuɗi ya ninka biyu. Ribar kuwa tana ƙaruwa da sauri fiye da haka: in tsawo ya ninka biyu, makamashin da aka saki ya ninka huɗu. Saboda haka a kowane nauyi akwai wani tsawo na iyaka. Tsagar da ba ta kai shi ba tana nan zaune, domin ci gaba ba zai biya ta ba. Da zarar ta wuce shi, kowane taku yana sakin makamashin da ya fi wanda ake bukata, sai ta ruga da kanta har ƙarshen abin cikin ƙiftawar ido. A lissafi ana rubuta ka'idar kamar haka: σ = √(2Eγ/πa). A nan σ ita ce jan da zai fasa abin, E ƙin miƙewarsa, γ makamashin samar da sabuwar fuska, a kuma rabin tsawon tsagar da ke cikinsa. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, idan tsawon tsaga ya ninka sau huɗu, ƙarfin abin ya ragu zuwa rabi.

Ana ganin wannan a kasuwa kullum. Mai sayar da yadi ba ya iya yaga atamfa da hannu sai ya ɗan tsaga bakinta da almakashi. Mai yankan gilashi yakan ja layi ɗaya da lu'ulu'u, ya ɗan danna, gilashin ya rabu a kan layin.

## Gwaje-gwajen gilashi

Griffith ya zaɓi gilashi domin ba ya lanƙwasa kafin ya fashe, don haka lissafinsa ya fi sauƙi. Ya ɗauki bututai da ƙwallayen gilashi, ya yi musu tsagogi masu tsawo daban-daban, daga kusan milimita 4 zuwa 23, sannan ya matsa musu daga ciki har suka fashe. Sakamakon ya bi ka'idar: doguwar tsaga tana fashewa da ƙaramin matsi, bisa gwargwadon da lissafi ya nuna.

Gwaji na biyu ya fi ba da mamaki. Ya narka gilashi ya ja shi zare-zare, ya auna ƙarfin kowane zare. Gilashi mai kauri ya tsinke a kusan megafaskal 170, amma zare mafi siranta, wanda kaurinsa bai wuce kashi uku da ɗoriya cikin dubu na milimita ba, ya kai kusan 3,400, wato ninki ashirin. Ya kuma lura cewa sabon zare ya fi wanda ya kwana ko aka taɓa ƙarfi. Daga nan ya yanke cewa gilashin yau da kullum cike yake da ƙananan tsagogi da ido ba ya gani, waɗanda har yau ake kira da sunansa. Binciken baya ya nuna yawancinsu a fatar gilashin suke, kuma gogayya da ƙura da taɓawar hannu ne ke haifar da su.

An karanta maƙalarsa a gaban Royal Society a watan Fabrairun 1920, aka buga ta a mujallar ƙungiyar a 1921. A 1924, a taron masana da aka yi a Delft ta ƙasar Holan, ya gabatar da maƙala ta biyu, inda ya gyara wani kuskuren lissafi da ke cikin ta farko, ya kuma faɗaɗa ka'idar zuwa abin da aka danne. Ya nuna cewa ko a ƙarƙashin danni, tsagar da ta karkace tana haifar da ja a bakinta, kuma ya ƙiyasta cewa abu mai gautsi zai jure danni ninki takwas na jan da zai iya jurewa. Bayan wannan bai sake komawa fannin ba.

## Injin jet da Frank Whittle

A 1926 Griffith ya rubuta rahoto a kan injin da ke juyawa da ƙarfin iska mai zafi. Ya nuna cewa dalilin rashin ingancin irin waɗannan injuna shi ne fukafukansu ba sa yanka iska yadda ya kamata, kuma idan aka siffanta su kamar fiffiken jirgin sama za a iya ƙera na'urar matse iska mai inganci, wadda iska ke bi ta cikinta a miƙe daga gaba zuwa baya. Wannan tsari ne manyan injunan jet suke bi a yau.

A ƙarshen 1929, lokacin yana ɗakin binciken Ma'aikatar Jiragen Sama a South Kensington, aka kawo masa shawarar wani matashin hafsan sojan sama, Frank Whittle, ta ƙera injin jet. Griffith ya ga ƙiyasin Whittle ya yi buri da yawa, kuma a ganinsa babu ƙarfen da zai jure zafin da ake bukata. Ma'aikatar ta ƙi tallafa wa aikin. Whittle ya ci gaba da kuɗin 'yan kasuwa, injinsa ya tashi a watan Afrilun 1937, amma jirgin jet na farko a duniya na Jamus ne, Heinkel He 178, wanda ya tashi ranar 27 ga Agusta, 1939. Na Birtaniya mai injin Whittle bai tashi ba sai 15 ga Mayu, 1941. Masana tarihi da yawa suna ganin hukuncin Griffith ya jawo wa ƙasarsa jinkirin shekaru, wasu kuma suna cewa damuwarsa game da ƙarfe gaskiya ce a lokacin. Wannan shi ne babban tabon da ke tarihin aikinsa.

Ya koma Farnborough a 1931 yana jagorantar binciken injuna. Aikinsa tare da Hayne Constant shi ne tushen injin F.2 na kamfanin Metropolitan-Vickers, wanda ya fara aiki a 1941.

## Rolls-Royce

A 1939 Ernest Hives ya ɗauke shi aiki a Rolls-Royce da ke Derby, aka ba shi damar zama yana tunanin injunan gaba. Shi ne ya zana tsarin farko na injin Avon, wanda aka ƙera fiye da dubu goma sha ɗaya, kuma tunaninsa ne ya kai ga injin Conway, na farko a cikin injunan da ke karkatar da wani ɓangaren iska ta gefen wurin ƙonewa da ya shiga aikin jigilar fasinja. Conway ne ke jikin jirgin VC10, wanda ya fara jigila a watan Afrilun 1964 a kan hanyar Landan zuwa Legas. Griffith ya kuma jagoranci tunanin jirgin da ke tashi tsaye ba tare da gudu a ƙasa ba, abin da ya haifar da na'urar gwaji da aka yi wa laƙabi da gado mai tashi, wadda ta tashi ba igiya a 1954, da kuma jirgin Short SC.1. Ya yi ritaya a 1960.

## Yadda ka'idarsa ta farfaɗo

Kusan shekara ashirin injiniyoyi suna kallon ka'idar tsaga a matsayin abin da ya shafi gilashi kawai. Hatsari ne ya dawo da ita. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwa da yawa da walda, wasu kuma suka riƙa tsagewa a ruwan sanyi. A watan Janairun 1943 jirgin dakon mai Schenectady ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland. Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge ta nuna cewa ƙarfen da aka yi amfani da shi yana zama mai gautsi idan sanyi ya yi yawa. A 1954 jiragen fasinja biyu ƙirar Comet suka tarwatse a sama kusa da Italiya, mutum 56 suka mutu, kuma a Farnborough ɗin da Griffith ya fara aiki ne aka gano cewa tsaga ce ta girma a hankali daga kusurwar wata kafa a jikin jirgin.

George Irwin a Amurka da Egon Orowan a Ingila sun gyara ka'idar don ta dace da ƙarfe. Sun nuna cewa a ƙarfe, yawancin kuɗin da tsaga ke biya yana tafiya ne wajen lanƙwasa ƙarfen da ke bakinta. A 1957 Irwin ya fito da ma'aunin tsananin wahala a bakin tsaga, wanda da shi ake auna juriyar abu ga tsagewa. Ya sa wa makamashin da tsaga ke saki alamar G, wadda ake dangantawa da sunan Griffith. A wannan ma'auni gilashi bai kai 1 ba, kankare yana kusa da 1, ƙarfen gini kuwa yakan wuce 50.

## Kankare, tangaran da dutse

Ka'idar ta bar hanyoyi uku na hana fashewa: a rage girman tsagogi, a matse su don kada su buɗe, ko a tsawwala wa tsaga kuɗin tafiya.

Kankare yana da ƙananan tsagogi tun kafin a ɗora masa kaya, musamman a inda siminti ya haɗu da tsakuwa, kuma bushewa da sauri tana ƙara su. Jan da yake jurewa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na dannin da yake jurewa, shi ya sa ake sa rodi a inda za a sami ja. Tsakuwa tana tilasta wa tsaga yin kwana-kwana, wanda ke ƙara mata kuɗi. M. F. Kaplan ya fara gwada ka'idar a kan kankare a 1961. A 1963 James Romualdi da Gordon Batson suka nuna amfanin zuba gajerun zaruruwan ƙarfe, waɗanda ke riƙe leɓɓan tsaga kamar ɗinki. A 1976 Arne Hillerborg na Jami'ar Lund a Suwidin ya bayyana cewa a gaban tsagar kankare akwai yanki mai rugurgujewa a hankali wanda har yanzu yake ɗaukar wani nauyi. A 1984 Zdeněk Bažant ya fitar da dokar da ke nuna babban ginshiƙi ya fi ƙarami gautsi, ko da kwaɓinsu ɗaya ne.

A kayan yumɓu da aka gasa, kofuna biyu daga tanderu ɗaya suna iya bambanta a ƙarfi, domin kowane da irin aibinsa. Waloddi Weibull ya ba da lissafin wannan bambanci a 1939. A 1975 Garvie da Hannink da Pascoe a Ostireliya suka nuna cewa ƙwayoyin zirkoniya suna sauya siffa idan tsaga ta tunkaro su, su kumbura da kusan kashi 4 cikin ɗari, su matse bakinta. Da irin wannan ake yin haƙoran roba masu ƙwari da wuƙaƙen tangaran. Gilashin fuskar wayar hannu kuwa ana matse fatarsa ne da sinadari, don karce ya kasa buɗewa.

A dutse, maƙalar 1924 ce ta fi tasiri. Masu bincike a ma'adinan zinare masu zurfi na Afirka ta Kudu, ciki har da Evert Hoek, sun ɗora a kanta, har aka kai ga ma'aunin Hoek da Brown na 1980, wanda ake amfani da shi wajen haƙa ramukan ƙarƙashin ƙasa da gina madatsun ruwa.

## Misalai a ƙasar Hausa

Magina da maginan tukwane na ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da waɗannan hanyoyi ta fuskar gwaninta. A ƙauyukan Maska da Funtuwa da Malumfashi, mai gina rumbu ko katanga yakan kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa. Laka tana tsukewa idan ta bushe, kamar yadda fadama ke daddarewa da rani, ciyawar kuma tana ɗinke ƙananan tsagogin kafin su haɗu su zama babba. Laso, wanda ake shafe soraye da shi, ana haɗa shi ne da katsin marina da gashin jima da dafara, kuma gashin yana yin aikin da zaruruwan ƙarfe ke yi a kankare. Mai ginin tukwane tana gauraya yumɓu da yashi ko dakakken tsingaro don tulu ya jure bushewa da wuta. Gyartai yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya don tsagar ta daina buɗewa. A masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, an yi rufin da bakuna na ƙasa da aka ƙarfafa da azara, itacen giginya mai jure ja inda ƙasa ba za ta iya ba. Masu fasa dutse kuma sukan hura wuta a kan falalen dutse, zafin ya sa tsagogin da ke cikinsa su girma har ya ɓare.

Darasin ya shafi ginin siminti na yau. Bulo ko dakalin da aka bari ya bushe a iskar hunturu ba tare da ban ruwa ba, ko aka cika wa kwaɓinsa ruwa, ko aka yi da yashi mai laka, yana fitowa da manyan aibobi tun ranar farko. Tsagar da ke ƙara tsawo ko faɗi a jikin ginshiƙi ko bene alama ce da ke bukatar injiniya ya duba, domin bisa ka'idar Griffith, nauyin da gini ya ɗauka jiya yana iya fin ƙarfinsa idan tsagar ta kai tsawon iyaka.

## Karramawa da mutuwa

An zaɓi Griffith ɗan ƙungiyar Royal Society a 1941, aka ba shi lambar girmamawa ta CBE a 1948, sannan ƙungiyar masana jiragen sama ta Birtaniya ta ba shi lambar azurfa a 1955. An san shi da kawaici da son aiki shi kaɗai, kuma bai wallafa rubuce-rubuce da yawa ba, domin yawancin aikinsa rahotanni ne na cikin gida. Ya mutu ranar 13 ga Oktoba, 1963, yana da shekara 70. Bayan mutuwarsa an kafa lambar yabo mai ɗauke da sunansa don masu binciken kayan ƙira, kuma maƙalarsa ta 1921 tana cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗaliban injiniyanci a darasin tsagewar abubuwa.